Taken Lamuwel Ɗan Ida

Sanyi ne ya fara yi mini sannu da zuwa a birnin New York, ƙarya ta biyo bayansa. Sanyin na yafe masa, don bai yi mini alkawarin komai ba. Ƙaryar kuwa har yau in na tuna ta sai in ji wuyana ya ɗau zafi, ko da ina zaune a inuwar dalbejiyar ƙofar gidanmu a Samarun Zariya.

Sunana Haladu, ɗan Tanimu mai kalangun mahautan kasuwar Sabon Gari. Da kalangu a hammata na tashi. Gangunan bature kuwa, waɗanda ake zama a kujera a kaɗa da hannu biyu da ƙafa biyu, a wajen wani tsoho ɗan Gana na koya, mai kiɗa a wani otal a Sabon Gari. Shi ya fara sa mini kaset ɗin makaɗan jaz na Amurka, na zamanin da suke kira bibof, tun kafin a haifi babana. Kafin zamanin nan aikin mai ganga bai wuce dukan babbar gangar ƙafa ba, dum, dum, dum, dum, don kada masu rawa su ɓata taku. Sai waɗansu samari baƙar fata suka ce sun gaji da zama agogon bango. Suka mayar da riƙon lokaci kan faifan tagullar da ke gefen gangunan, da hannun dama, suka saki hannun hagu da ƙafa suna tsoma baki cikin zancen masu busa. Ranar da na fara ji na ce wa ɗan Ganar nan, ai mutanen nan magana suke yi, irin ta babana.

Wani bature mai suna Mista Rendal, shugaban wata cibiyar kiɗa a New York, ya zo jami'ar garinmu ya same ni ina kaɗa wa ɗalibai masu wasan kwaikwayo. Ya ji ni a kalangu, ya ji ni a gangunan bature, ya riƙe baki. Ya ce za su yi bikin tunawa da makaɗan bibof, in zo in hau gangunan bature a gaban duniya, in an gama kuma zai ba ni takardar zama shekara guda in yi karatun kiɗa. Romon bakin nan na sha shi har da suɗe kwano.

Zangona na farko ofishinsa ne. Ya miƙo mini takardar tallan bikin yana murmushi. Na bi sunaye daga sama har ƙasa, kowane makaɗi da sunansa da na ubansa. A can ƙarshe aka rubuta: makaɗin gargajiya daga Afirka. Afirka ɗungurungum, kamar wata unguwa ce a bayan Palladan ta can garinmu. Ban gama haɗiye wannan ba ya buɗe wata jaka ya zaro warkin fata da wuri a jiki, da wani abin ɗaurawa a ka mai gashin tsuntsu. Wai kayan da zan sa ke nan, kuma ba riga.

Na ce, “Ranka ya daɗe, babana shekara hamsin yana kiɗa, ban taɓa ganinsa a waje ba hula ba, balle ba riga. Wannan kayan wace ƙabila ne?”

Ya ce ai kawai don a ji ƙamshin asali ne. Na ce to asalina kaftani yake sawa. Ya haƙura da warki, amma ya rama ta wani wajen. Gangunan bature, ya ce, suna da masu kaɗa su da yawa. Ni minti biyar zan yi da kalangu a buɗe taro, don ni ne saiwa, sauran su ne rassa. Saiwa! Wato a binne ni a ƙasa, a ɗebi inuwa a sama. Ina kallon fayil ɗin da takardar karatuna take ciki a kan teburinsa, ba a sa mata hannu ba. Na cije, na ce to.

Zango na biyu wani ɗan shagon abinci ne a unguwar Bronx. Sati uku na yi ina cin burodi da wani abu mai sanyi da ba shi da gishiri ba shi da yaji, ina kwana a ɗakin da bututun ɗumama shi ke tari kamar tsohon babur. Kewar gida ta kama ni ta inda ban zata ba. Hayaniyar da nake zagi kullum ita na fi nema, kwandastoci suna ihun Kwangila, Sabo, da ƙaurin masa a bakin kasuwar Samaru. Wata rana ina tafe kaina a ƙasa na ji wata mata tana yi wa wani faɗa da Hausa a waya. Na tsaya cak a ƙofar shagon kamar an dasa ni.

Hajiya Rabi ce, Bahaushiyar Kumasi, ta fi shekara ashirin a can. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, “Ɗana, da wannan 'yar rigar kake yawo? Uwarka ta sani?” Ta zuba mini tuwo da miyar kuka, na ci ina share ido ina ɗora wa yaji laifi. Da zan tafi ta shiga ciki ta fito da kwat ɗin marigayi mijinta ta ɗora mini a kafaɗa. Hannun ya yi mini tsawo, na naɗe. Da ta ji sana'ata sai ta ce akwai wani tsoho a benen sama da ya dame ta da ƙwanƙwasa, shi ma wai makaɗi ne a da. Ta ba ni kwanon abincinsa ta ce in kai masa, mu dami juna mu bar ta ta huta.

Zango na uku ɗakin tsohon nan ne. Lamuwel sunansa, shekararsa casa'in da ɗaya. Ƙafafunsa sun gaji, ba ya tashi sai da sanda da taimako, amma hannuwansa ba su san ya tsufa ba. Na same shi da tsohon littafi mai kauri a cinya yana shafa shi da waɗansu 'yan tsintsiyoyin waya guda biyu, sautin yana fita kamar ruwan sama a kan rufin kwano daga nesa. Ban yi minti ɗaya ina ji ba na ajiye kwanon na durƙusa na gaishe shi, yadda ake gaida babba a sana'a. Ya yi dariya ya ce in tashi, ba wanda ya taɓa durƙusa masa sai mai auna takalmi.

Kullum na kai abinci sai ya ɗan tsakuro mini labarinsa. Yana da shekara goma sha bakwai ya fara hawa ganga a gidajen kiɗan da aka haifi bibof. In manyan sun yi tafiya, ko ciwo ya kwantar da su, shi ake kira. Akwai fayafayan garmahon da hannunsa ne a ciki, amma a bango sunan wani aka buga, ko a bar wurin fayau. A zamanin nan makaɗi ba ya aiki a gidan kiɗa sai da katin izini daga 'yan sanda. Wata rana wani ɗan sanda ya zage shi, ya mayar masa da magana, aka ƙwace katin. Shi ke nan. Shekara talatin ya yi yana sharar wata makaranta, ranar Asabar ya tara masu son koyo a ɗakin ƙasa ya koya musu kyauta. Yana ba ni labarin nan ba tare da ɗaga murya ba, ni ne nake huci a madadinsa.

Abu ɗaya ya rage masa na wancan zamani, faifan tagullarsa. Shi ma mutanen Mista Rendal sun zo sun ara don baje kolin bikin. Ya ce yana so ya ga yadda suka ajiye shi. Na sa shi a keken guragu na tura shi har can. Muka sami faifan a akwatin gilashi, fitila a kansa, ga 'yar takarda a ƙasa. Sunan wani shahararren makaɗi da ya daɗe da mutuwa aka rubuta, wai faifan da ya taɓa kaɗawa ne. Gaskiya ne ya taɓa, don Lamuwel ya ara masa na sati ɗaya lokacin da aka sace nasa. Sunan mai faifan, wanda ya kaɗa shi shekara saba'in, babu ko harafi. Tsohon ya sa tabarau ya karanta, ya sake karantawa, ya cire tabarau ya sa a aljihu.

Na bar shi a wurin na haura ofis ko sallama ban yi ba. Mista Rendal ya saurare ni da irin haƙurin da ake yi wa mai ciwon kai, sannan ya ce sunan da jama'a suka sani shi ke jawo jama'a, kuma ai an ba tsohon tikiti biyu kyauta. Na duba tikitin daga baya, layin ƙarshe ne kusa da ƙofar banɗaki. Mutanen da suka mutu an cika bango da hotunansu, wanda ya rage da rai an kai shi bakin masai. Da na sauko Lamuwel ya kama hannuna ya ce, “Bar su, ɗana. Ni dai na so jikokina su karanta sunan sau ɗaya a wurin da ba takardar asibiti ba.”

A hanyar komawa na yanke shawara. Ni ɗan mai kalangu ne, gadonmu kiran suna. Kowane mahauci a kasuwar Sabon Gari yana da takensa, wato kiɗan da in an buga shi kowa ya san da wa ake, har ubansa da kakansa. Minti biyar aka ba ni, to zan yi wa Lamuwel take.

Nan na tafka wautar da har gobe nake jin kunyarta. Take ba ya ginuwa sai da asali, don haka na zaro biro da takarda na zauna a gabansa kamar mai ƙidayar jama'a. Na ce ya gaya mini sunan ubansa, da kakansa, da kakan kakansa, da garin da suka fito. Ya dubi biron da ke hannuna. Ya ce, “Uwata Ida. Uwarta Besi. Daga nan sai takardar cinikin bayi, ita ma ba mu taɓa ganinta ba.” Na ajiye biron. Ni da nake ta fushi an share sunansa, ga ni na zo na sa yatsa a tsohon miki ina murzawa. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, tambayar da ba wanda ya taɓa yi masa ce.

Na kira babana a waya. Ina jin saran ƙashi a bayansa, da muryar wata mata tana ciniki da turancin buroka. Na kwashe labari na gaya masa.

Ya ce, “Kai Haladu, wani lokaci sai ka ce ba a gidana ka tashi ba. Wa ya koya mishi kiɗan?”

Na ce zan tambaya.

“To su ne asalin nashi. Makaɗi ai wanda ya ɗora mishi hannu a ganga shi ne uban. Ka sa uwar a gaba, ka jero su a baya. Kuma ka san doka dai, ba a sakin take sai mai shi ya amsa. Kar ka je ƙasar mutane ka kunyata ni.”

Na ce, “Baba, in na yi hakan takardar karatun nan ta tafi fa.”

Ya ce, “To wannan kuma kai ka san shi. Ni dai abin da na iya na faɗa maka.”

Bayan na ajiye waya fushina ya juyo gida. Ina ta zagin Amurka, to mu fa? Manyan mawaƙanmu kowa ya haddace sunansu, amma a tsayar da mutum a tashar Kwangila a ce ya faɗi sunan mai kalangu ɗaya da ya tsaya a bayansu shekara arba'in, sai ya fara sosa ƙeya. Babana ya kira sunan mutum ya fi dubu, in ya shiga taro kusa da takalma ake nuna masa ya zauna. Wannan ya ƙara mini taurin kai.

Lamuwel ya ba ni sunaye biyu, Gurgu Sam da ya fara ba shi sandar kiɗa, da Wilis mai wankin kwanoni da ya koya masa sakin hannun hagu. Kwana tara na yi ina ɗaura taken a kan tsarkiyar kalangu, na saka masa tafiyar faifan tagulla a ciki, tin, tin-ti-tin. Ban gaya wa tsohon komai ba.

Zangon ƙarshe ranar Lahadi ce, bayan la'asar. Zaure ya cika maƙil. Mai gabatarwa ya ce ga makaɗin gargajiya daga Afirka. Na fito da kaftanina da hulata, na hango su can ƙarshe, Lamuwel da Hajiya Rabi da ta rako shi ta ci ado kamar za ta gidan suna. Na matse kalangu na fara. Da na zagaya taken sau uku sai na tuna mutanen nan ba sa jin maganar ganga, don haka na matsa kusa da lasifika na faɗa da baki, da Hausa sannan da Turanci. Lamuwel ɗan Ida, jikan Besi. Ɗan Gurgu Sam a ganga, ɗan Wilis mai wankin kwanoni. Mai faifan da ke cikin gilashi a waje. An ƙwace kati, ba a ƙwace hannu ba. Yana nan da ransa, ga shi can layin ƙarshe.

Kawuna suka fara juyawa baya. Minti biyar ya cika, wata jar fitila ta kama ƙyaftawa a gabana. Na yi kamar ban gani ba. Ina jiran tsohon ya amsa, shi kuwa yana zaune ya sunkuyar da kai. Sai a lokacin na gane wautata ta biyu. A Sabon Gari ko ɗan yaye ya san in an buga takenka sai ka motsa, ka miƙe ko ka ɗaga hannu, shi ya sa ban ga dalilin gaya masa ba. Shi kuma a tarbiyyarsu, in makaɗi yana kiɗa, girmamawa ita ce ka yi tsit. Yana jira in gama, ina jira ya amsa.

Minti takwas, minti goma. Mista Rendal yana gefen dandamali yana yanka wuyansa da yatsa, fuskarsa ta yi ja kamar gauta. Aka kashe mini lasifika. Kalangu dai ba da lantarki aka san shi ba, na ƙara matsewa. Gumi ya jiƙa mini kaftani, hannuna ya fara sagewa, raina yana ce mini ka saki haka nan, wa zai sani? Amma ni na sani, kuma muryar babana tana kunnena.

Hajiya Rabi ce ta cece ni. Daga baya ta gaya mini abin da ta raɗa masa: “Baba, ka amsa masa. Yaron nan ɗan gado ne, ba zai daina ba sai ya faɗi.” Ya ce mata ba zai iya tashi ba. Ta ce to ka yi abin da ka iya.

Sai na ji shi. Ya juya sandar tafiyarsa yana taɓa ƙarfen ƙafar kujerar da ke gabansa. Tin, tin-ti-tin. Tin, tin-ti-tin. Ƙaramin sauti ne, amma zauren ya yi shirun da ya ishe shi. Na sassauta kalangu na ba shi hanya, ya yi tambaya da sanda na ba shi amsa, na jefa masa wata ya cafe ya dawo mini da ita a karkace, har sai da na yi dariya. Sannan na saki taken.

Jama'a suka miƙe suna tafi. Biyu daga cikin manyan makaɗan da ke jiran hawa, masu furfura, suka sauka da gudu suka rungume shi suna hawaye. Ashe ɗalibansa ne na ɗakin ƙasa. Hawayen nan bai burge ni ba ko kaɗan. Sati nawa suna wuce akwatin gilashin nan suna karanta takardar, ba wanda ya buɗe baki, sai da aka fara tafi suka tuna da malaminsu.

Mista Rendal bai yi mini faɗa ba. Ya yi murmushin nan nasa ya ce abin ya taɓa zuciya ƙwarai. Takardar karatu kuwa kullum ana kan duba ta, har bizata ta ƙare. 'Yar takardar da ke ƙarƙashin faifan ma ba su canja ba. Na mayar wa Hajiya Rabi kwat ɗinta, ta ce in riƙe, na ce a Zariya zai zame mini abin dariya. Lamuwel ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ya ce jikarsa ta ga abin a waya, ta kira shi tana tambayar wace ce Besi.

Na dawo Samaru hannu rabbana, ba karatu ba takarda. Abokai suka yi ta yi mini tsiya, wai an tura ni Amurka na je na yi roƙo. Babana kuwa sa ni ya yi na buga masa taken sau biyu har ya ɗauka.

Wata huɗu da dawowata Hajiya Rabi ta kira ta ce tsohon ya rasu. Ranar Juma'a ce da hantsi. Na hau mota zuwa Sabon Gari na sami babana a layin mahauta yana bin tebur tebur kamar yadda ya saba, kowa da takensa. Na raɗa masa a kunne. Ya yi salati, ya gyara ratayar kalangunsa, ya tsaya a tsakiyar layi ya ɗauko taken.

Wani mahauci ya dakata da sara ya ce, “Baba Tanimu, wannan kuma na waye? Ba mu san shi ba.”

Babana ya ce, “Na Lamuwel ɗan Ida ne. Makaɗi ne.”

“To ina shi, ya amsa mana?”

Babana ya ƙara matse kalangu. Ya ci gaba da kiɗa, ya zagaya, ya sake zagayawa, idonsa a kaina. Ya haura saba'in, hannunsa ba kamar da ba, kuma na san ba zai saki ba. Na miƙa hannu na karɓi wuƙar mahaucin nan, na juya bayanta, na jawo farantin sikelinsa na ƙarfe. Tin, tin-ti-tin. Tin, tin-ti-tin.

Sannan babana ya sauke hannu.